Ruwan da Na Saukar a Bikin Gangara

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na saukar da ruwan sama a Gangara ba, ni da ko rijiya ban taɓa haƙawa ba.

Bari in gaya muku irin mutumin da nake a lokacin. Malamin firamare ne ni a Tanut, yara da manya Mushe suke ce mini, kamar yadda ake kiran malaman boko a wajenmu. In an tashi daga lakwal, wato makaranta, ba a ganina a majalisar shayi. Ina ɗaki, ko dai da littafin soyayya irin waɗanda ake kawowa daga Kano a kwali, ko kuma gaban wata tsohuwar na'urar wasa da na tsinta wajen masu gwanjo a Damagaram. Irin ta da ce, wadda ake jona wa tele, wato talabijin, a cusa mata kaset a ka, in ya ƙi tashi a zare shi a hura masa iska da baki. A ciki akwai wani ɗan jarumi da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, jikinsa kusurwa-kusurwa kamar an gina shi da bulo, yana ratsa dazuzzuka da ramuka don ya ceto wata gimbiya. (Wasan yana ba mutum dama ya raɗa wa gimbiyar suna. Ku riƙe wannan.)

Daga wasan nan na kamu da son wani irin kiɗa da ba kowa ke kiransa kiɗa ba. Babu ganga, babu mawaƙi, babu amshi. Sauti ne mai laushi da ke shimfiɗuwa a hankali, wani lokaci da iska a ciki, wani lokaci da ɗigon ruwa, sai ka ji zuciyarka ta zauna. Na cika wayata da irinsa. Innata duk ranar da ta ji sai ta leƙo ta ce, "Kai, rediyon nan naka ya lalace, ka kai a gyara." Wanda na fi so duka yana cikin wasan ne, a wani daji da ruwa ba ya ɗaukewa. Sai na tsayar da jarumin a gindin itace, na jingina wayata da tele, na naɗi sautin. Da shi nake yin barci, don haka ban taɓa jin ƙarshensa ba.

Sai kuma Rabi. 'Yar Gangara ce, takan zo Tanut wurin gwaggonta da ke maƙwabtaka da lakwal ɗinmu. Farkon abin da ta taɓa ce mini shi ne, "Mushe, ga jaki a gabanka," don ina tafe ina karatu. Daga nan muka saba. Abokina Lawali shi zai auri yayarta, kuma shi ya kawo mini labarin da ya hana ni sukuni: mahaifinsu, Malam Isufu, ya ji zancena, ya ce zai dube ni da kansa a wurin bikin.

"In ka yi masa, bayan biki ka turo manya," in ji Lawali. "In ba ka yi masa ba, akwai wani ɗan ƙanensa mai shago a Belbeji da ke ta kai gaisuwa."

"Me yake so a wurin mutum?"

"Natsuwa. Ka gaishe shi, ka zauna, ka yi shiru. Don Allah, Mushe, kada ka yi wani abu irin na littafi."

Na yi masa alkawari. Amma kwanakin da suka rage duk a tsorace na yi su. Na wanke babbar rigata har sau nawa ban sani ba. Na riƙa gwada gaisuwa gaban madubi, in durƙusa in tashi, ina tunanin ko durƙuson ya yi yawa ya zama fadanci, ko ya yi kaɗan ya zama raini.

Akwai abin da ya kamata in sa a lissafi, ban sa ba. A shekarar nan damina ta yi jinkiri ƙwarai. Mutane da yawa sun gaji da jira sun yi binne, wato sun zuba irin gero a busasshiyar ƙasa suna fatan ruwa ya same shi a can. An fita roƙon ruwa. Kullum da la'asar hadari yakan taso daga gabas, ya yi baƙi, kowa ya zuba masa ido, sai iska ta watsa shi. Ni na san duk wannan kamar yadda ake sanin labarin rediyo. Ba ni da gona, albashi nake jira.

Ranar biki na isa Gangara da wuri. Na gaishe da Malam Isufu, dattijo dogo marar yawan magana, ya amsa, ya dube ni daga hula zuwa takalmi. Wannan kallon ya ƙara ɗaga mini hankali. Maza suna ƙofar gida ƙarƙashin rumfar tamfol. Mata suna ciki, an baje kayan ɗakin amarya a tsakar gida don 'yan'uwa su gani kafin a kai gidan ango: katifa, tabarmi, kwanoni jere-jere, da garar da aka tara, har da buhun garin gero a buɗe. An kafa manyan lasifika biyu, ɗaya tana fuskantar maza, ɗaya an ɗora ta kan katanga tana fuskantar mata.

Bayan la'asar mai sa kiɗan ya ji ƙanshin tuwo. Ya dube ni, da yake ni kaɗai ne ke zaune kamar an dasa ni, ya ce, "Mushe, tsare mini kayan nan in ci abinci. Kada ka taɓa komai." Ya kashe kiɗa ya tafi.

Wurin ya yi tsit, sai hirar dattawa. Ta ƙofar zaure na hango Rabi ta gifta da tire a kai. A nan ne shaiɗanin littafi ya raɗa mini magana. A duk labarin da na karanta, akwai lokacin da saurayi ke yin wani abu a cikin taro wanda budurwar kaɗai za ta gane. Na taɓa gaya wa Rabi zancen kiɗan dajin nan, ta ce wata rana za ta so ta ji. Na ce a raina, ai ba hayaniya ba ce, kiɗan natsuwa ne, kuma natsuwa Malam yake so. (Kun ga yadda wawa ke shirya wa kansa hujja.) Na zare wayar mai kiɗan, na jona tawa, na danna.

Abin da ban sani ba, sautin da ke fita a hankali daga ƙaramar waya a gefen matashi, wani abu ne daban in ya bi ta lasifikar biki. Kiɗan da kansa ko jinsa ba a yi. Abin da ya fara fita shi ne rugugin tsawa, mai zurfi, daga nesa, har ƙasa ta ɗauka. Kuma ga hadarin gabas ya taso kamar kullum.

Hira ta tsaya. Wani tsoho ya ce, "Kun ji?"

Tsawa ta sake, ta fi ta farko ƙarfi. Sai iska, sai yayyafi, irin ƙarar da yake yi a kan rufin kwano.

Daga cikin gida wata ta rangaɗa guɗa, wata ta kwarma ihu: "Ruwa! Ku kwashe kayan amarya!" Abin da ya biyo baya da kunne na ji shi: gudu, karon kwanoni, kukan jarirai, ana "Ku kama katifar!", ana "Garin, garin, ku rufe garin!" Wani abu mai nauyi ya kife, mata suka yi salati gaba ɗaya. (Tukunyar miya ce. Babbar.) A waje maza suka miƙe. Baƙin ƙauye suka fara kwance jakuna da amalanke, kowa na son ya kwana kusa da gonarsa. Wasu na rungumar juna suna alhamdu lillahi.

Ni kuwa na sandare. Na san abin da ya kamata in yi, in zare waya, shi ke nan. Amma in na zare, ruwa zai ɗauke tsak, kowa ya waiwayo ya ga wanda ke riƙe da igiyar. Sai na riƙa addu'a a zuci, Allah ka sa na gaskiya ya sauko yanzu ya rufa mini asiri. Wallahi ban taɓa roƙon ruwa da zuciya ɗaya irin na wannan lokacin ba.

Malam Isufu ya fito daga rumfa a hankali. Ya tsaya a fili, ya cire hularsa, ya ɗaga fuska sama, ya buɗe tafukansa biyu. Leɓɓansa na motsi. Ya tsaya yana jiran ɗigon farko ya taɓa shi, ruwa na ta zuba a kunnen kowa, ƙasa kuwa a bushe ƙamas. Na ga lokacin da goshinsa ya fara tattarewa. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar a wannan tsayuwar tasa ba.

Sai ƙarshen naɗin ya iso, wanda ban taɓa ji ba. Ashe a ranar da na naɗa, na manta wayar na aiki, na ɗauki abin dannawa na ci gaba da wasa. Cikin ruwan sai aka ji ƙwing, ƙwing, ƙarar tsallen jarumi. Sannan murya ta fito, tawa, a lanƙwashe, ta cika Gangara:

"Ki yi haƙuri, Gimbiya Rabi, hasken idona. Ko duniya za ta taru, ga ni nan tafe gare ki."

Ƙwing. Sai wani sauti mai gangarowa, na faɗuwa.

"Kai! Na sake faɗawa ramin nan!"

A nan hannuna ya tuna aikinsa, na fizge igiyar. Ruwa ya ɗauke.

Malam Isufu ya sauke hannuwansa, ya mai da hularsa. Bai ɗaga murya ba. "Wane ne mai ruwan nan?"

Yatsu ne kawai suka juyo kaina. Na taso, na zube a gabansa. Duk gaisuwar da na gwada a madubi ta gudu.

"Mushe, ruwan naka na wane gari ne?"

"Baba, ku gafarce ni. Na cikin wasa ne."

"Wasa." Ya jinjina kai. "Can ɗin sun yi shuka?"

Wani ya fashe da dariya, wasu suka bi, amma ba kowa ba. Mutanen da suka riga suka ɗaura wa jakunansu kaya suna saukewa ba tare da sun dube ni ba, kuma wannan ya fi dariyar ciwo.

"Kada ka sake kunna shi a garin nan," in ji Malam. "Akwai iri a ƙasa, kada ya ji ya ɗauka da gaske ne." Ya koma rumfa.

Ina nan durƙushe kakar Rabi ta fito tana dogara sanda, gari fari fat a zanenta. "Ina angon nawa mai tsawa? Kai ne? To ni dai na fasa, miji da ruwansa ba ya jiƙa ko ɗankwali!" A bayanta ga Rabi, rungume da kwanoni, miya ta ɓata mata sabuwar atamfa har gwiwa. Duk matan zaure sun zuba mata ido suna "Gimbiya, a ba Gimbiya hanya." Ta tsaya daidai kaina.

"Mushe, wane rami ne ka ce ka faɗa?"

Na sunkuyar da kai.

"To ka zauna a ciki." Ta wuce.

Ban tsaya cin tuwo ba (da ma babu miya). Washegari Lawali ya same ni a ɗaki na rufe tele da zane kamar gawa. Ya zage ni iya son ransa, sannan ya faɗi saƙo: Malam ya ce kada in turo kowa. Amma ranar da ruwan Allah ya sauka, in zo masa da sungumi a kafaɗa.

Ban san ko hukunci ne ko ƙofa ba. Rabi ta daina ɗaukar wayata. Na ji an ce mai shagon Belbeji ya sake kai gaisuwa, har da buhun sukari. Daga ranar na shiga sahun masu kallon gabas. Ina cikin aji ina koyar da lissafi, idona na taga. Hadari ya taso, in shiga addu'a. Iska ta watsa shi, in rasa abin da ke mini daɗi. Kiɗan nawa ma na kasa saurara, da tsawar ta fara sai in ga dattijo tsaye da tafuka a buɗe.

Da ruwan ya zo, da hantsi ya zo, kamar da bakin ƙwarya, ranar da babu lakwal. Na ari sungumi, na hau motar farko. Na same su a gona, Malam na gaba yana sara, ni ma aka ba ni layina, layin da ya fita a karkace har masu zuba iri na tambaya ko maciji nake bi. Kafin azahar tafukana sun yi bororo sun fashe. Rabi ta kawo fura gona, ba ta dube ni ba, amma ludayin da ta ajiye ta gefena ya fuskanto.

Muna zaune a gindin aduwa Malam ya ɗebi jiƙaƙƙiyar ƙasa ya kai hanci, ya miƙo mini. "Shaƙa. Abin da ruwan naka ya rasa ke nan. Da na tsaya na shaƙi iska ran nan, da ba ka same ni ba." Ya kurɓi fura. "Ka ce wa manyanka su zo bayan noman fari. Kai kuma gobe ka dawo, layin nan naka sai an sake shi."

Abin da na koya bai da yawa. Duk abin da za ka sa wa jama'a a lasifika, ka fara jin sa har ƙarshe idonka biyu. Kuma a yankinmu na Damargu kana iya wasa da zuciyar budurwa a yafe maka, amma tsawa ba a aronta.