Makulli a Aljihuna, Mota a Hannun Wani

Jama'a, ku taya ni murna, ran Litinin ɗin nan na taka kilomita huɗu a ƙasa da makullin mota a aljihu. Makullin nawa ne, halak malak. Motar ce dai, har zuwa safiyar Litinin ɗin, ba mu sake haɗuwa ba tun ranar ciniki.

Mako bakwai ke nan da na sayi mota ta hannu wajen wani dillali mai faffaɗan murmushi. Koriya ce, ƙofar hagu ta ɗan lotsa. Ya ce in ba shi kwana uku a gyara takardu. Ɗoki ya ɗebe ni, na kafa mata rumfar kwano a ƙofar gida, mai ɗakina kuma ta sanar da danginta kaf cewa mun yi ban kwana da motar haya. Awakin maƙwabta ne suka tare a rumfar.

Kullum na je, da sabon labari. Yau mai buga lamba ya yi tafiya, gobe inji ya ƙone, jibi ana jiran sa hannun wani babba. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, to ni nawa dutsen har ya kama a gindin tukunya.

Maƙwabcina, tsohon magatakardan kotu, ya zaunar da ni ya karanto min haƙƙina. Ya ce in rubuta wa dillali takarda in yanka masa wa'adi, in ajiye kwafi. In bai cika ba, ya maido min kuɗina ko ya ba ni wata motar. In ya ƙi, akwai ofishin da aka buɗe musamman don sauraron kukan masu saye. Kotu kuwa in bar ta sai ƙarshe, sai fa in ina so jikokina su gaji shari'a.

Na fara da ofishin, don in ga inda harajina ke kwana. Allah ya saka wa manya da alheri. Kujerun fata, na'urar sanyaya ɗaki har uku, ma'aikaci ɗaya tak yana gyangyaɗi. Ya ce Mai Girma Shugaban Share Hawayen Talakawa ya tafi taron bita na mako biyu kan yadda ake saurin sauraron jama'a. Fom ɗin ƙorafi kuma ya ƙare, an ba da kwangilar bugo wani.

Ina fitowa sai ga koriyar mota a gindin bishiya, ƙofar hagu a lotse. Na zura makullina, ta buɗe. Maigadi ya taso a guje.

"Malam, ta ƙanin matar Shugaba ce, gwada ta yake yi kafin ya saya."

"Tun yaushe?"

"An kusa wata biyu."

Na ɗauke ta hoto, har da maigadin a gefe yana gyara hula. Magatakarda ya rubuta wa dillali takarda mai zafi da wa'adin kwana bakwai, muka maƙala hoton. Ba a kai ko'ina ba, ran Laraba sai ga dillali da kansa, yana kirana ranka ya daɗe, mutum huɗu na turo motar a baya. Gwajin ya shanye man ƙarƙaf.

A cikinta nake wannan rubutu, a layin mai, ni ne na tamanin da uku. Rediyonta dai lafiya lau, yanzu ma wani babba ke rantsuwa cewa mai ya wadata ko'ina. Na bayana ya leƙo ya ce don Allah in ƙara murya, ko motarsa za ta ji ta tashi.