Littafin da Malami Ya Yi wa Gafaka

"...da gajiyar hanya kuma? Madalla. Shigo, bawan gidanmu, amma bar kekenka waje, kada shi koya ma jakina girman kai."

"Jakinka ya riga ya koya wurinka. Ina littahina?"

Mai kekin shi ne Sodangi, malamin elementare a Isa. Mai zauren kuwa Malami ne, ɗan kawunsa, wanda yake taya mahaifinsa karantarwa a Sabon Birni. Taubasai ne, don haka tun suna yara gaisuwarsu ba ta cika sai da zagi. Sodangi yana tara littattafan hikaya na boko da ake bugawa a Zariya, kuma bugun farko kaɗai yake so. Ɗaya ya rage masa. Da ya ji an gan shi a kayan Yero mai koli a kasuwar Sabon Birni, sai ya aika wa Malami ya saya masa. Jibi Baturen makarantu zai sauka Isa, ya kuma yi alkawarin in ya ga tarin ya cika, zai kai sunan Sodangi ofishin buga littattafai.

Malami ya ce, "Bawa ba shi da dukiya, abin da yam mallaka na ubangidanai na. Ka ce, ina littahinka in ara."

"Wanda aka aika kasuwa shi ab bawa. Kawo."

Malami ya tashi a hankali kamar mai ciwon baya, ya sauko da wata jar gafaka sabuwa daga rataye, irin jakar fatar da malamai ke ajiye littafi. Ya ɗora ta a cinyar Sodangi, ƙanshin turare na tashi.

"Wanga na Kawu na. Nawa ni ka nema."

"Buɗe dai. Kura ba ta san zani ba, ko an ɗaura mata."

Sodangi ya kwance igiya ya zaro. Takardu ne warƙa-warƙa tsakanin kwali biyu, an jera su tsaf, gefensu a daidaice kamar an aske. Ya ɗaga warƙar da ke sama, ya ga ƙarshen labari ne.

"Malami, mi kay yi?"

"Abin da kac ce. Ɗan aikenka ya ce, a kula da shi kamar yadda aka kula da littattahan Kawu. To, ka taɓa ganin littahin Baba ɗaure da waya kamar ƙahwar kaza ranar kasuwa? Na cire wayar. Na datse bakin da yac cinye. Kuma na iske wanda yab buga shi bahago na, ya hwara daga baya, sai nij juya mai shi ya koma dama kamar na mutane."

"Garin gyaran gira ka tsone ido."

"Ido nawa gare shi? Duba, ko warƙa guda ba ta ɓace ba. Da can malamin da ka karanta shi ɗaya na. Yanzu kai ka riƙe hwarko, matarka ta riƙe tsakiya, maƙwabci shi ji ƙarshe. Gida guda ya yi ilimi yini guda."

Sodangi bai yi dariya ba. Yana ta juya takardun.

"Ina bangon?"

"Wane?"

"Bangon littahin. Rawaya, da hoton raƙumi. Bugu na biyu kore na, an yi shi lokacin yaƙi, takardarshi kamar ɓawon albasa. Rawayan ga shi ka nuna na hwarko na, kuma shekarar bugu tana bayanshi, can ƙasa. In babu shi, Bature za shi ce takardar ƙosai nik kawo mai."

"Ashe Baturenka akuya na, bango shi ka ci shi bar karatu."

"Shi yac ce da bango ya kai darajar doki. Babu bango bai kai akala ba."

"To mu nan in munka sayi goro, ganyen muka yarwa. Ku 'yan boko ku ci ganye ku yar da goro. Shi ya sa kaf hi sandar makaho rama."

"Kai ko ka hi randa ƙiba, ga ciki ba komi sai sanyi. Ina kak kai shi?"

Malami ya gyara zama ya kaɗa ƙafa.

"Ka san Baba ba shi yarda da hoton mai rai kusa da littattahanai. Ya ce a jehwa murhu."

Sodangi ya miƙe tsaye, ya sake zama. Ya ga Zariya tana nisa, ya ga kansa da furfura yana koya wa jikokin ɗalibansa baƙi da wasali a Isa.

"Kuma ka jehwa."

"Na ce ya ce. Ban ce na yi ba. Ka ce, ranka shi daɗe ubangidana, in hwaɗa ma."

"Allah shi sawwaƙe. Uwata ta goye ka, ka yi mata hitsari a baya."

"Albarka na niz zuba mata, shi ya sa tas same ka. Ka hwaɗi, rana na yi."

Sodangi ya dubi ƙofa ko akwai mai ji. Ya yi ƙasa da murya.

"Ranka shi daɗe."

"Ban ji ba, kunnen ga na hagu na, irin littahinka."

"Ranka shi daɗe, ubangidana, sarkin masu kan tulu."

"Na karɓa har da tulun."

Malami ya cire hularsa, ya juya cikinta. Ga bangon nan an raba shi biyu, an naɗe shi kewaye da cikin hular don ta tsaya ƙyam, an kama shi da zare nan da can. Rawayan ya koma ruwan daddawa saboda gumi da man kai. Raƙumin ya rasa wuya wurin lanƙwasa.

Sodangi ya karɓa da hannu biyu, ya kai bakin ƙofa wurin haske, ya bi gefen da ido. Can ƙasa, ƙarƙashin wani tabon mai, shekarar tana nan, ana karanta ta.

Ya sauke numfashi. Ya sa farce zai tsinke zaren, takardar ta yi ƙara kamar za ta yage, ya janye hannu da sauri.

"Ba ta hita sai da hular."

"To kai mai har hular. Ka ce ma Baturen, wanga littahi ya yi karatu a kan malami, ya hi na kowa sani."

"Doki dai ya mutu. Wanga ko jakinka bai kai ba."

"Jaki ma shina kai mutum Zariya, in ya yi haƙuri."

Nan dariya ta ƙwace wa Sodangi, irin wadda ta daɗe a tsare, har ya dafa gafakar don kada takardu su watse. Malami ya shafa kansa, ya ji iska.

"To yanzu ɗan malam za shi masallaci kai sake? Mi za ni ce ma Baba?"

Sodangi ya cire jar dararsa ta malaman makaranta, ya kifa masa. Ta tsaya can ƙololuwa, ta ƙi sauka.

"Riƙe ta, ubangidana. In ta yi ma laushi, kada ka taɓa littahin kowa. Aiko in ba ka na lissahi, shi ba shi da mai nema."