Yadda Hambali Ba-Juyawa Ya Yaƙi Zaren Ulu

Godiya ta tabbata ga Sarkin da Ya tufatar da tunkiya ba tare da ta taɓa riƙe kibiyar saƙa ba. Bayan haka, ku gyara zama ku ji tarihin sadauki ɗan sadauki, Malam Hambali na Malumfashi, ɗan Jatau Mai-Gora, ɗan Nomau Sha-Tafiya, ɗan Barmo Ba-Juyawa, wanda daga gare shi ne zuriyar ta gaji laƙabinta da taurin kanta. Shi Barmo, in ji maruwaita, ranar da mahara suka kori mutanen garinsu shi kaɗai ne bai juya baya ba, ko da yake mahassada na cewa jakinsa ne ya ƙi motsi. Nomau ya fita cin kasuwar ƙauye ya ɓata hanya, ya ga komawa abin kunya ne, ya miƙe har Damagaram ya yi aure a can. Jatau ya fito neman garin ubansa, ya wuce shi, bai tsaya ba sai da takalminsa ya tsinke a Malumfashi. Hambali da kansa, a zamanin da yake tuƙin bas, ya taɓa kuskure mararraba a Funtuwa, ya kai mutanen Gusau Birnin Gwari, ya sauke su yana yi musu nasiha a kan amfanin ganin gari. Kogi ba ka komawa mafari! Hambali na Saude, gaba dai, gaba dai!

Amma sanadin wannan yaƙi ba abin dariya ba ne, kuma mai ba da tarihin nan ba zai yi dariya a kansa ba. Saude, matar Hambali, ta kasance duk jikan da aka haifa mata sai ta saƙa masa shawul da hannunta, a naɗe shi a ciki ranar suna. Haka ta yi wa 'ya'yan dukkan 'ya'yanta, saura Barira, autarta. Da Barira ta samu cikin fari, Saude ta sayo farin zaren ulu, ta sayo kibiyar zamani, wato kibiyoyi biyu da aka haɗa gindinsu da siririyar igiyar roba don faɗin shawul ya samu wurin zama, ta zuba su a kwalla ta rufe. Ba ta sake buɗe kwallar ba, domin ciwo ya riga ta, ajali kuma ya riga ciwon.

Da ciki ya tsufa, Barira ta dawo gidan ubanta haihuwa kamar yadda aka saba, Goggo Tasalla ƙanwar Hambali ta zo ta zauna a madadin uwa. Wata rana da hantsi, Hambali na alwala a bayan rumbu, ya jiyo Barira tana cewa, “Goggo, ni kaɗai ce ɗana ba zai shiga shawul ɗin Inna ba.” Ba ta yi kuka ba, shi ya sa maganar ta fi ciwo. Hambali ya tsaya da buta a hannu har ruwan ya ƙare.

A nan ne jinin Barmo ya motsa. Gwarzon ya shiga ɗakin marigayiya, ya buɗe kwalla kamar mai buɗe taskar makamai, ya ɗaga kibiyoyi biyu suna reto a jikin igiyarsu, ya yi rantsuwar da ta girgiza kajin gidan: ranar sunan jikan nan ba za ta wuce ba sai an naɗe shi a cikin shawul na zaren Saude, ko da kuwa yatsunsa za su ƙare a fagen fama. Ya kira Tasalla a asirce, domin ta sha zama kusa da Saude tana ganin hannunta, ya naɗa ta waziriyar yaƙi.

Ta dube shi, ta dubi yatsunsa masu kauri kamar rogo. “Yaya, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Bari a kai wa masu sana'ar.”

“Zaren Saude ba zai kwana a hannun bare ba! Nuna mini inda ake sara!”

Aka ja daga. Tasalla ta nuna masa yadda ake ɗora madaukai a kan kibiya, waɗanda masu saƙa ke kira ido, da yadda ake soka kibiyar dama cikin idon hagu, a zagayo da zare, a jawo sabon ido. Kada mai sauraro ya ɗauka abin wasa ne. A karon farko rundunar idanu ta watse daga bakin kibiya ta yi ta kanta. A karo na biyu sadaukin ya ɗaure su tamau, irin ɗaurin kaya a saman bas, har kibiya ta ƙi shiga, ya dinga soka ta da ƙarfin tuwo yana kiran sunayen kakanninsa. Ƙwallon zaren, wanda shi ne sarkin yaƙin abokan gaba, ya sulale daga cinyarsa ya gangara ƙarƙashin gado, Hambali ya bi shi da rarrafe, ya kamo shi da rai, ya fito da yanar gizo a gemu da ganimar wani tsohon silifa da aka daɗe da fid da rai da shi.

Allah cikin ikonSa, ranar da ba a zata ba, barde ya sare idanun nan ɗaya bayan ɗaya har ya kai ƙarshen layin farko. Ya yi kabbara. Sai Tasalla ta ce, “To yanzu sai ka juya.”

Hambali ya ɗago kai.

“In yi me?”

“Ka juya aikin, Yaya. Kibiyar dama ta koma hagu, ka koma ta inda ka fito. Haka ake shawul, a je a dawo.”

Hambali ya dubi hannunsa. Ga kibiyar hagu nan a gabansa, ta zagayo ta kan igiya, ɗauke da idon farko yana jiransa, hanya a buɗe fetal ba ko gargada. A ce ɗan Jatau, jikan Nomau, ya bar hanya a gabansa ya koma baya saboda maganar ƙanwar da ya goya?

“Gidanmu ba a juyawa!”

Ya soka kibiya cikin idon farko, ya haɗe ƙarshe da mafari, ya sallami waziriya daga muƙaminta, ya sa sakata. Tasalla ta tsaya a bakin ƙofa ta ce wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba, ta tafi ta dama wa Barira kunu.

Daga ranar nan tarihi ya shiga zamanin fatahi da buɗi. Ya ku ma'abota hankali, da kun ga sadaukin a turakarsa, tabarau a kan karan hanci, harshe a waje, rediyo na ta surutu don kada a ji ƙarar kibiya, yana zagaye bayan zagaye kamar jakin da aka ɗaure a turke, yana murna bai taɓa cin karo da bango ba, da kun san nasaba ba ƙarya ba ce. Majalisar ƙofar gida ta neme shi ta rasa, aka ce ya shiga halwa. Yatsunsa suka yi kanta, ƙeyarsa ta ƙage, farin zare ya ɗauki launin goro a wasu wurare da na miyar kuka a wasu. Abin yana tsawo yana saukowa tsakanin gwiwoyinsa, kuma ya lura ba ya shimfiɗuwa kamar na Saude, amma ya yanke hukuncin cewa idan aka cire kibiya zai buɗe da kansa don girmamawa. Wani lokaci yakan kai zaren hancinsa, ya ji ƙanshin turaren wutan da ke cikin kwallar bai gama fita ba, sai hannunsa ya tsaya, ya daɗe yana kallon ƙofa. Kewarta yake yi, kuma wannan ba ya cikin kirari.

Barira ta sauka lafiya, aka sami mace. Hambali ya ƙara wuta, ya rufe idanun ƙarshe a jajiberin suna, da taimakon umarnin da Tasalla ta yi ta jefowa ta tagar ɗaki ba tare da an bar ta ta leƙa ba. Ya naɗe ganimarsa a cikin ɗankwalin marigayiya bai ko warware ta ya duba ba, domin mai nasara ba ya binciken nasararsa.

Da safe aka raɗa suna, yarinya ta ci sunan Saude. Da la'asar gida ya cika da mata, ana ta rabon tuwo da guɗa, sai ga gwarzon ya ratso tsakar gida cikin sabuwar babbar riga, ya tsaya a gaban tabarmar maijego, ya kwance ɗankwali, ya kama abin ta gefe biyu ya girgiza don ya buɗe.

Bai buɗe ba. Ya sake girgizawa. Abin da ke reto a hannunsa buhu ne, buhun ma marar gindi, baki a sama baki a ƙasa, har ana hango fuskar Tasalla ta cikinsa. Wata tsohuwa ta tambaya ko ƙafar wandon giwa ce, ina ɗayar. Dariya ta ɓarke har masu tuƙin tuwo suka saki muciya.

Tasalla ta share hawayen dariya ta ce, “Na faɗa maka, Yaya. Kawo a warware, zaren bai lalace ba.”

Barira ba ta yi dariya ba. Ta miƙa hannu ta karɓa, ta shafa, ta kai hancinta. Ta ɗago ta dubi yatsun ubanta.

“Baba, zaren kwallar Inna ne?”

 Hambali ya gyaɗa kai.

“Ba mai warware shi, Goggo.”

Ta zura jaririyar ta bakin sama, 'yan ƙafafu suka leƙo ta bakin ƙasa, ta gyara mata wuya, ta miƙa masa. “Ga amaryarka, Baba. Ta shiga na Inna.”

Hambali ya karɓi Saude ƙarama a cikin zaren Saude babba. Kuma a nan ne, a gaban matan unguwa kaf, aka ga abin da ba a taɓa gani ba tun zamanin Barmo da jakinsa: ɗan gidan Ba-Juyawa ya juya, ya ba jama'a baya, ya fuskanci bango, kafaɗunsa na rawa. Daga baya ya ce hayaƙin murhu ne, ko da yake murhun yana can ƙarshen gida.

Yana nan tsaye amaryar ta biya tukuici. Da shawul ne irin na mutane da ya tsare wani abu, amma buhu marar gindi ba ya riƙe amana, sai komai ya sauka a kan aikin sabuwar babbar riga, ya gangara har aljihu. Washegari aka wanke rigar da ganimar yaƙin aka shanya su a igiya ɗaya, akuyar gida ta ci gefen ganimar kaɗan kafin a kore ta.