Rasuwar Wanzami, Mai Aske Alamomin Zance

Da zuciyar da baƙin ciki ya yi wa nauyi, Injiniya, mai kula da kwamfutocin asibitin mata da yara, a madadin kansa da sauran mazauna ɗan ofishin da ke bayan ɗakin ba da magani, wato fanka da tsohuwar kwamfuta, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar ɗansa kuma abokin aikinsa, wanda aka fi sani da Wanzami. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi, bayan jinya mai tsanani da kumburi.

Ga waɗanda ba su yi zamani da marigayin ba, Wanzami ba mutum ba ne. Ɗan ƙaramin shirin kwamfuta ne, 'yan layuka da tafin hannu zai iya rufewa, waɗanda Injiniya ya rubuta da hannunsa shekara goma sha wani abu da suka wuce.

A lokacin Injiniya sabon ɗauka ne, ana gwada shi, ko kujerar kirki ba a ba shi ba. Tsohuwar na'urar rajista kuwa tana da wata ɗabi'a: duk abin da za ta fitar, sunan majinyaci ne, lambar waya ce, ranar dawowa ce, sai ta naɗe shi cikin alamomin zance, 'yan ɗige-ɗigen nan masu jela da ake sa wa farko da ƙarshen maganar mutum. Lambar waya ta fito da kunnuwa biyu kamar zomo, na'urar aika saƙo ta ce ita ba ta san wannan halitta ba. Sai Akawu ta zauna tana goge su da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, har idanunta su kaɗa su yi ja. Injiniya ya dube ta ya ji tausayi, ya ja benci ya zauna, ya yi rubutunsa, ya danna. Baƙin allon ya ɗan ƙifta, tsohuwar kwamfuta ta yi gurnani, sai ga kalmomi biyu sun bayyana: "Na gama."

Wannan ce maganar marigayin ta farko a duniya, ita ce kuma kaɗai ya riƙa yi kowace safiya har zuwa ciwon ajalinsa. Akawu ta duba ta ga an aske kowane suna tas, ta ce wannan ai wanzami ne, sunan ya bi shi. A makon aka tabbatar wa Injiniya da aikinsa, aka ba shi kujera mai juyawa. Duk wanda ya san shi ya san cewa albarkacin Wanzami ya kama haya, ya yi aure, ya ajiye tumbi.

Marigayi Wanzami ya kasance mai kamun kai da riƙon amana. Bai taɓa makara ba, bai taɓa neman hutu ba. Sirrin marasa lafiya ya bi ta hannunsa ba adadi, ba a taɓa jin ya tsegunta wa kowa ba. Sama da komai, ba ya nuna bambanci: alama mai ɗigo biyu, mai ɗigo ɗaya, miƙaƙƙiya, lanƙwasasshiya, duk aski ɗaya yake yi musu. Wannan hali nasa, da aka fi yabonsa a kai, shi ne ya zama sanadi.

Ciwon ya faro ne lokacin da Babbar Likita ta yanke shawarar a riƙa aika wa iyaye saƙon tunatarwa da Hausa. Ita da kanta ta rubuta na farko: "Ku kawo 'ya'yanku rigakafi ranar Laraba." Saƙon ya bi ta hannun Wanzami kamar yadda komai yake bi. Shi kuwa bai taɓa haɗuwa da kalmar da ma'anarta ke sauyawa in an aske alamar da ke cikin jikinta ba. Ya ga ɗigo a gaba, ya ga ɗigo a tsakiya, ya wasa askarsa ya yi aikinsa tsakaninsa da Allah, ya ce, "Na gama." Abin da ya isa wayoyin mutane shi ne: "Ku kawo yayanku rigakafi ranar Laraba."

Domin a yi wa marigayin adalci, yawancin iyaye mata sun gane abin da ake nufi, sun zo da jariransu. Amma a kowace al'umma akwai masu bin umarnin asibiti sau da ƙafa. Da Sista ta fito da tiren audugarta, sai ta tarar da wani bakanike, hannu duk baƙin mai, ƙanwarsa na riƙe da gefen rigarsa kada ya gudu. Kusa da shi wani tela mai furfura, igiyar awo a wuya, yana tambaya cikin ladabi ko ta ɗigawa a baki ce ko ta tsirawa. Wata baiwar Allah kuma tana ba da haƙuri cewa nata yayan ya yi tafiya, shi ya sa ta taho da na mijinta.

Injiniya bai san wainar da ake toyawa ba. Yana zaune yana kurɓar shayi sai aka turo ƙofa. Auta ce, ƙanwarsa, wadda jaririyarta ke cikin rajistar asibitin.

"Yaya, tashi mu je."

"Ina kuma?"

"Allura. Asibitinku ne ya ce in kawo ka. Ga shi a rubuce."

Ta miƙa masa wayar. Kallo ɗaya ya yi wa saƙon ya ajiye kofin shayin. Ya san wannan askin kamar yadda uba yake sanin takun ɗansa.

"Haba Auta, ke ma ai kin san abin da ake nufi."

"Ni dai abin da aka rubuta na sani. Ba kai ne kullum kake ce mana kwamfuta ba ta kuskure ba?"

A bayanta Sista ce tsaye. Shekaru ke nan tana farautarsa saboda allurar da ake yi wa ma'aikata, shi kuwa da ya hango ta sai ya tuna akwai wayar da ta tsinke a wani ɗaki.

"Tunda yau ka zo da mai riƙe ka, Injiniya," in ji Sista, "naɗe hannun riga."

A gaban bakanike da tela aka yi masa. Auta ta danne masa kai a kafaɗarta tana cewa, "Yi shiru, Yaya, ba zafi, in an gama zan saya maka alewa." Shaidu sun tabbatar da cewa jariran da aka yi wa a ranar sun fi shi dauriya.

Babbar Likita dai ba ta yi dariya ba. Ta kira shi ofis ta shaida masa cewa akwai uwar da ta bar jaririnta a gida ta hau mota da ƙaton yayanta, yanzu sai an bi ta an nemo yaron.

"Yara nake son gani a kan bencin nan, Injiniya. Ka gyara abin nan naka, ko ka cire shi. In ka kasa, zan nemo wanda zai cire ku tare."

Daga nan aka shiga jinya, kuma Allah ya sani Injiniya bai yi ƙasa a gwiwa ba. Da farko ya koya wa majinyacin ya riƙa aske gefe da gefe kawai, ya bar tsakiya. Sai 'ya'ya suka fito a matsayin ya'ya, an yanke musu kunne ɗaya. Ya ce to, ya bar masu ɗigo ɗaya gaba ɗaya, ya tsaya a kan masu biyu. Ashe na'urar ɗakin gwaji da masu ɗigo ɗaya take naɗe lambobinta, sai ga zomaye sun dawo, saƙonni suka ƙi tafiya. Ya ƙara masa sharaɗi, ya ƙara wa sharaɗin togaciya, ya ƙara wa togaciyar nata sharaɗin. Ɗan siririn yaron nan ya kumbura har sai an yi ta gungurawa kafin a ga ƙafafunsa. Matar Injiniya ta ce ko lokacin da ɗansu na fari yake haƙori ba ta ga mijinta ya rame haka ba.

Ranar Talata da safe aka tashe shi kamar kullum. Tsohuwar kwamfuta ta yi gurnaninta, fanka na ta kaɗawa. Aka jira "Na gama", ba ta zo ba. Sai wasu dogayen layuka jajaye suka cika allon, sambatu da babu mai fahimta sai mahaifinsa. Injiniya ya karanta har ƙarshe. Sannan ya gungura sama, can farkon shirin, inda ya tarar da 'yar wasiyyar da ya bar wa kansa yana saurayi mara kujera: "Na wucin gadi ne, gobe zan gyara." Ya daɗe yana kallonta. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Daga nan ya zare Wanzami daga bakin aiki da hannunsa.

An maye gurbinsa da wani baƙon shiri da yake zuwa tare da harshen da ake rubuta shirye-shiryen kwamfutar da shi, wanda ya san bambancin alamar da ke naɗe kalma da wadda ke cikin jikinta. Yana aikinsa daidai, ba ya cewa uffan in ya gama. Har yanzu Injiniya bai gaishe shi ba.

Marigayin ya rasu ya bar mahaifinsa, Injiniya. Da uwar goyonsa, Akawu, wadda ta raɗa masa suna. Da kakarsa, tsohuwar na'urar rajista, da ke nan da ranta tana ci gaba da naɗe-naɗenta. Ya kuma bar ƙanne da dama da suka yi kama da shi kamar an tsaga kara, waɗanda ke warwatse cikin kwamfutar: Wanzami Sabo, Wanzami Na Ƙarshe, Wanzami Na Ƙarshe Na Gaske, da autansu, Wanzami Kada A Taɓa.

Za a yi jana'izarsa ranar Alhamis bayan an tashi aiki, a ofishin da aka haife shi. Injiniya ya ce ba zai iya goge shi ba. A harshen da aka rubuta marigayin, in ana son shiri ya kwanta ya daina motsi, akan lulluɓe shi da alamomin zance, uku a kai, uku a ƙafa, kuma da su za a yi masa sutura. Daga nan a kai shi makwancinsa cikin jakar ajiya ta kwamfutar da ake kira Tsofaffi.

Ofishin ba ya ɗaukar fiye da mutum biyu da fanka, don haka masu ta'aziyya za su tsaya a baranda su riƙa leƙowa bi da bi. Ana roƙon mai kula da janareta, don girman Allah, ya tabbatar akwai mai a ciki. In wuta ta ɗauke kafin Injiniya ya danna maɓallin adanawa, marigayin zai tashi da safe ya koma bakin aiki, kuma akwai saƙon da za a aika wa 'yan haihuwa.