Guntun Bindigar Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kawo kayan auren autata Zuwaira ba, ko da tsufa ya kwashe sauran abin da ke kaina. Ni mace ce marar hayaniya, maƙwabta sukan ce sai sun kasa kunne suke jin sallamata. To ku ji yadda mai sanyin murya ta tara unguwa guda a kanta.

Tushen abin bindigar surukina ce, Allah ya jiƙansa. Maharbi ne na gaske, tun lokacin da barewa ke kiwo har bayan Gure. Da ya rasu ya bar doguwar bindigarsa rataye a zaure, tsatsa na cinta, don daji ya ƙare, ba abin harbi sai ƙadangare. Wata shekara tsuntsayen jan-baki suka addabi gonarmu ta wajen Gidigir, dila kuma ya sa wa 'yan awaki ido. Sai Malam, maigidana, ya ce zai kai bindigar wurin Ari maƙeri a rage mata tsawo, ta zama 'yar guntuwa da zai rataya a moto, wato babur ɗinsa, ya riƙa korarsu da ƙara. (Na ce, "Malam, jandarmomi fa?" Ya ce jandarma ba ya cin hatsinsa, jan-baki ke ci. Daga baya sun karɓe ta, ya kuma sha zarya har takalminsa ya suɗe, amma wannan labarinsa ne, shi ya ba ku.)

Ya dawo da abu biyu: bindigar da ta koma kamar an yi mata aski, da guntun hancinta da aka yanke, an toshe bakinsa gaba da baya da tsumma.

"Ari ya ce a binne wannan, kada a buɗe shi," in ji Malam. "Wai duk dabbar da Baba ya harbe, nan numfashinta na ƙarshe ya koma ya zauna." Ya yi 'yar dariya, amma ba ta kai ciki ba. "Ki turbuɗe shi bayan rumbu."

To ni fa ban iya zubar da abu ba. Gwangwanin tumatir, murfin bidon ɗiban ruwa, takalmi wari guda, duk suna da mazauni a ɗakina. Na tsaya bayan rumbu da ƙarfen a hannu, sumul, mai nauyi, ya ɗara kamu guda. Na tuna yadda hayaƙi ke cin idona in ina hura wuta. Na kuma tuna ni fa na yi makarantar yaƙi da jahilci, malamarmu ta ce mu bar camfi. Sai na zare tsumman.

Wani wari ya fito, kamar na tsohuwar rijiya. Na kai baki na hura murhu, wuta ta tashi ɓal-ɓal ba ko hawaye. A ƙarshen hurawar dai na ji wani ɗan sauti siriri, kamar ɗan akuya na kira daga nesa. Na ce kunnena ne.

"Kin binne?" Malam ya tambaya da yamma.

"An gama da shi," na ce. (Kun ga ai ban yi ƙarya ba. Ban dai faɗi gaskiya ba.)

Haka na ci rani ina hura wuta da shi, ina ɓoye shi bayan tulu. Da bazara ta kawo kai aka yi mana rasuwa a Gamu. Kafin in tafi na bar sallahu magini ya gyara rufin madafa kada ruwa ya same mu. Da na dawo na sa hannu bayan tulu, wayam. Na kwashe itace, na ɗaga turmi, na tona toka. Babu. Kuma ba wanda zan tambaya, don tambayar kanta tonon asiri ce. Abin da aka ce an binne, ta yaya za ki yi cigiyarsa?

Ba a jima ba kukan ya fara.

La'asar ce sakaliya. Gabas ta yi jawur, irin hadarin bazara mai iska ba ruwa. Ina tsince shinkafa sai na ji shi daga kusurwar bayan madafa, inda itacen bedi ya rufe bango. Ya faro ƙasa-ƙasa kamar nishin mara lafiya, ya yi ta hawa yana siriricewa, har ya koma kukan dabbar da ta ga wuƙa. Awaki suka bar tuƙa. Kaza ta tattara 'ya'yanta ta shige ƙarƙashin rumbu. Sai ya yanke. Ina cewa an gama, ya sake ɗaukowa, wannan karon kamar murya biyu, babba da ƙarama, uwa da ɗa. Gashin jikina ya miƙe. A raina na ce, na buɗe musu ƙofa, sun ɗauke gidansu, yanzu sun dawo neman wadda ta tashe su.

Duk ranar da hadari ya taso haka ake yi. Kusurwar nan kuwa ko da rana tsaka ban ƙara kallonta ba, in zan wuce sai in sunkuyar da kai. Malam yana can gona yana shara, ga shi tun da ya fara aiki da guntuwar bindigarsa kunnensa guda ya tafi hutu. Daga ni sai Zuwaira, mu shige ɗaki mu ja ƙofa, tana tambayata mene ne, ina ce mata ta yi ta addu'a. Na yi turare, na sha rubutu. Har nono na zuba a ɓoye bayan rumbu, ni da ba na wasa da salla. Allah ya yafe mini.

Rannan maƙwabciyata Ya Falmata ta leƙo ta katanga. "Maman Zuwaira, wa ke muku kuka da la'asar?"

"Iska ce," na ce.

"Ai shi na ce," in ji ta, ta janye kanta a hankali.

Daga nan magana ta bi rijiya, ta bi injin niƙa, ta isa kunnen da bai kamata ba. Wanda zai auri Zuwaira mushe ne, wato malamin makaranta, a lakwal ɗin unguwarmu, mutumin Tawa, yaro mai hankali. Gwaggonsa Hajiya Kulu, wadda ta raine shi, ita ce za ta jagoranci kawo kaya. Tun kafin su taso ta aiko cewa ta ji gidan yana da waɗansu mazauna ban da mutane, za ta zo ta ji da kunnenta. "Ba mu ɗauko ma ɗanmu amarya da rakiya," in ji ta. Zuwaira ta ji, ta daina cin abinci. Ni kuma na duƙufa roƙon Allah ya hana hadari ranar, a garin da kowa ke roƙon ruwa.

Ranar ta zo garau. Mata suka cika tsakar gida, maza suna zaure da Malam, amarya ta ɓuya a ɗaki. Aka buɗe akwatuna ana ɗaga zannuwa ana guɗa. Hajiya Kulu, doguwa mai tabarau, ba ta guɗa ba. Tana zaune tana bin bangon gidana da ido kamar mai sayen saniya.

Sai inuwa ta sauya. Na ɗaga kai, gabas ta haɗe baƙi ƙirin. Ganyen bedi ya motsa.

Kukan ya faro da nishin nan. Mai guɗa ta haɗiye guɗarta a tsakiya. Da ya kai ga muryoyi biyu, wata mai goyo ta janyo ɗanta gaba ta rufe shi da mayafi. Hajiya Kulu ta saurara har ya yanke, sannan ta miƙa hannu ta rufe murfin akwati, ƙwas.

"Ku naɗe," ta ce wa 'yan rakiyarta.

Ina kallo ana ninke auren 'yata zane bayan zane. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na suri ƙwaryar nonon da aka tanada don furar baƙi, na nufi kusurwar da na yi wata ina gudu, na durƙusa gindin bango, na ɗaga ƙwarya sama. Muryar da ta fito mini ban taɓa sanin ina da ita ba.

"Barewa, ku yi haƙuri! Gada, zomo, duk wanda ke ciki, ni ce na buɗe ku! An ce in binne, na hura wuta da ku! Baba, ka ba su haƙuri, kai suka sani! Yarinyar nan ba ruwanta, in kama wani za ku yi, ga ni!"

Ana haka ruwa ya ɓarke, ruwan farko na shekara. Ban motsa ba, ina ta lissafo namun daji har da waɗanda surukina bai taɓa gani ba. (An ce na roƙi giwa gafara. Ban tuna ba, amma shaidu sun yi yawa.) Kukan ya shaƙe, ya yi wani gurguri kamar ana yanka, sai na ji abu ya kwararo mini a tsakar ka. Na dubi ƙwarya, nono ya koma ja. Na dubi farin mayafina, ja.

"Jini!" in ji Ya Falmata. Mata suka watse, wasu ɗaki, wasu zaure. Ni kuwa na rufe ido na kama kalmar shahada.

Sai na ji takun mutum a bayana. Hajiya Kulu ce, ta kifa faranti a ka. Ta sa hannu ta janye reshen bedi, ta daɗe tana kallon sama ta saman tabarau.

"Baiwar Allah," ta ce, "wanga aljanin naki, magini ya kafa shi?"

Na ɗaga kai. Ga shi nan a bakin rufin madafa, an dafe shi da laka, ɗan bakinsa ya leƙo yana aman ruwan tsatsa a fuskata. Indararo.

Daga taga muryar Zuwaira ta fito: "Inna, wai ƙarfen hura wutarki? Ai ni na ba magini, ya ce tsohon indararon ya ruɓe!"

Hajiya Kulu ta fara dariya a hankali, har farantin ya faɗo, har ta dafa bango. Waɗanda suka gudu suka dawo suna tayawa. Ni ina durƙushe cikin taɓo da ƙwaryar jan nono, ina roƙon ƙasa ta yi mini abin da na ƙi yi wa ƙarfen. Da na waiga, Malam na tsaye ƙofar zaure, ya juyo da lafiyayyen kunnensa. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "An gama da shi, ko?"

Da ruwa ya tsagaita Hajiya Kulu ta sa aka sake buɗe akwatuna a ɗaki. Ta ce matar da za ta durƙusa wa zomo saboda 'yarta, a gidanta ake neman aure. An yi biki lafiya. Sai dai har yau in surukaina suka kira daga Tawa, bayan an gaisa an tambayi yara, sai na ji an ce, "Ya su barewa?"

Washegarin kawo kayan ni da kaina na sa aka ciro ƙarfen, na haƙa rami bayan rumbu har kafaɗata ta shige. Na toshe baki guda. Ina shirin toshe na biyu, ba iska, ko ganye ba ya motsi, sai na ji ɗan ɗumi ya taɓa tafin hannuna, kamar hucin hancin ɗan akuya. Wataƙila rana ce ta gasa ƙarfen. Ban tsaya bincike ba, na cusa tsumma biyu.

Har gobe ina ajiye gwangwani da murfin bido. Amma in aka ce mini binne, binnewa nake, in ma camfi ne ya ƙarata can ƙasa. Wuta kuwa da bakina nake hura ta, hayaƙi ya ci idona. Hawayen hayaƙi ba ya tara unguwa.