Oga, Kai Buhu Nawa?

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da aka tantance mu ba, shekarar da gwamnati ta tattaro komatsanta daga Legas zuwa Abuja. An ba ni ɗaki biyu a Karu, amma da sharaɗi: duk wanda darakta bai gani da idonsa ba ranar Litinin ƙarfe takwas, za a ɗauka yana Legas, a ba wani gidan. Ga iyalina suna hanya.

Motar ma'aikata ba abin dogaro ba ce, kuma ko ta zo sai an yi ta tsaki, wai ina cin kujerar mutum biyu (ni dai ƙashi ne da ni, ba ƙiba ba, haka nake gaya wa mutane). Sai na ce bari in nemi keke mai araha.

Mai kekuna a kasuwar Karu wani dattijo ne ɗan Gbagyi, Baba Danjuma. Ya ƙare min kallo.

"Oga, kai buhu nawa?"

Na yi sororo. Ashe manoma ne masu sayen kayansa, su kuwa da buhu suke auna ƙarfin keke. Ni dai ji na yi kamar ya mare ni. Na tsuke ciki na ce, "Ɗaya."

Ya girgiza kai, ya dubi siririn keken da na dafa. "Wannan ba ta yi maka, oga. Wayar wili nata sirara ne. Ɗauki wancan na doya, kuɗinsu ɗaya."

Ni, babban akawu, a kan keken doya? Na ɗauki siririn nan mai ƙyalli na tafi.

Ranar Litinin na gama hawan dutsen hanyar Asokoro ina haki, sai na fara jin ƙis, ƙis, a bayana. Na ɗauka kukan sabon keke ne (wayoyin ne ke tsinkewa ɗaya bayan ɗaya). Wani ɗan rami na taka, wallahi bai kai tafin hannu ba. Kawai na tsinci kaina zaune a kan kwalta, wilin baya ya lanƙwashe kamar faifan da ruwa ya jiƙa. Takwas saura kwata, gida na shirin suɓuce min.

Wani manomi ɗan Gbagyi ya tsaya da baƙin kekensa na doya. Ya kwance buhun doyarsa daga kariyar bayan keken, ya ce in hau in rungume buhun. Na hau, na rungume. Wilin nan ko ƙara bai yi ba.

Haka muka isa ƙofar ofis, ma'aikata sun yi layi, darakta yana tsaye da takarda a hannu. Manomin ya share gumi, ya ce da ƙarfi, da zuciya ɗaya kuma, "Ga oga naku. A saya masa keken doya, wannan oga ta kai buhu uku."

Darakta ya sauke gilashinsa. "Malam, tantancewa ka zo, ko kai ne mai kawo mana doya?"

Sai da wani abokin aikina ya faɗi sunana kafin darakta ya duba takardarsa.

Gida dai na same shi. Amma tun ranar, in mai sana'a ya yi min tambaya mai zafi, a rumfarsa nake amsa gaskiya, inda mu biyu ne kawai. Ya fi a sanar da ita a ƙofar ofis.