Babur ɗin Suruki Ya Yi Baƙi

"...lafiya lau, Kaka. Ya hanya, ya ƙafar taki?"

"Ƙafa tana nan yadda ka bar ta, tunda ba ka saya mini sabuwa ba. Wai ni kake gaisarwa ko babur? Mijin kirki in matarsa ta dawo daga unguwa tashi yake ya karɓi kaya."

Tela bai ko ɗago ba. Yana tsugune a tsakar gida, tsumma a hannu, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Babur ɗin da ke gabansa na surukinsa ne, tsohon ma'aikacin gidan waya, mutumin da ko ɗan cikinsa bai taɓa miƙa wa makullin nan ba. Shekaranjiya ya ara wa Tela don ya kai matarsa awo asibiti, kuma magana ɗaya ya yi: yadda ka karɓa, haka za ka dawo da shi. Ƙarfe huɗu zai zo ɗauka da kansa, ga shi har uku ta gota.

Neman suna ne ya ja wa Tela. Ya ga murfin injin, wanda alminiyum ne zalla babu fenti, ya dushe ya yi fararen ɗige-ɗige kamar an watsa gishiri, sai ya ce bari ya burge tsoho. Ya sayo man goge ƙarfe a ɗan gwangwani, ya lakata ya shafa. Yana murzawa wurin ya yi baƙi. Ya ƙara ƙarfi, baƙin ya ƙara yaɗuwa, tsumma da yatsu duk suka rine.

Kakarsa ta dogara sandarta ta leƙo. "Kai! Angona, gawayi ka koma sayarwa ban sani ba?"

"Kaka, rage murya, matata tana barci a ɗaki. Ba na so ta ga abin da na yi wa babur ɗin ubanta."

"Me ka yi masa?"

"Gogewa."

"Wannan ce gogewar? To Allah ya kiyaye ranar da za ka ce za ka cuɗa mini baya."

"Ke ko wurin wankin mota aka kai ki ba za ki fita ba. Matsa, kin tare mini haske."

"Sai na gani da kyau. Yau tsoho zai ɗora 'yarsa a baya ya yi gaba, ka dawo hannuna. Ni ban ƙi ba, dama aron ka na ba ta."

"Gara in kwana a shago tare da keken ɗinki."

"Shi ma keken haƙuri yake da kai."

Da wata ranar ce da Tela ya rama har sai ta ɗaga masa sanda, amma yau hankalinsa na kan surukinsa. Surukin nan ba mafaɗaci ba ne, da ma zai yi faɗa da sauƙi. Kallo ɗaya zai yi wa babur, ya ce ba komai, ya tura abinsa waje. Shi ke nan shekara uku da Tela ya yi yana lallaɓawa don tsohon ya ɗauke shi mutum sun tafi a banza. Wannan yake tsoro, tsoro kuwa na gaske. Ya miƙe zumbur ya shiga kicin, ya fito da soson ƙarfe na wanke-wanke.

Sandar Kaka ta sauka a bayan hannunsa kafin ya kai ga injin.

"Ajiye!" Babu wasa a muryar yanzu. "Wallahi ka kai masa wannan, sai dai ka tattara ka bar gari. Silba ce fa, laushi gare ta. Ka zana ta sau ɗaya, zanen ya zauna kenan."

"Me kika sani a babur, ke da sai mutum biyu sun ɗaga ki sun ɗora?"

"Babur ban san shi ba. Silba kuwa ina goge ta tun ubanka na tsotson yatsa. Tukwanena, matan layi a jikinsu suke gyara ɗaurin ɗankwali."

"Ƙarya dai ba ta tsufa."

"Ita da wautarka. Baƙin nan da ya firgita ka, dattin saman ne yake tashi, haka take yi in ta fara jin hannu. Kai kuma da tsumma ɗaya kake kwasowa kana mayarwa. Miƙo mini kujera, ka kawo ƙyalle mai tsabta."

Tela ya duba agogo. Uku da rabi saura kaɗan. Bai yarda da ita ba, amma ba shi da wata dabarar, sai ya juye mata jakar ƙyallayen shago a gabanta. Ta riƙa ɗauka tana murzawa tsakanin yatsu tana yarwa.

"Wannan santsi, wannan kaushi, wannan kamar buhu. Da irin su kake cutar mutane? Tuɓe singiletinka."

"Kaka!"

"Auduga nake so mai laushi. Tuɓe, me zan gani ban da haƙarƙari? Sannan ka ɗebo mini fulawa a kicin."

"Fulawa? Soya shi za mu yi?"

"Kai za a soya in huɗu ta yi. Yi sauri."

Ya kawo a murfin kwano. Kaka ta zauna da ƙyar, ta barbaɗa garin a kan baƙin, ta naɗe singiletin a yatsu biyu, ta fara ja daga hagu zuwa dama, hanya ɗaya, ba ta zagayawa. Fulawar ta riƙa shanye maiƙon tana dunƙulewa tana zubowa ƙasa baƙa ƙirin. Tela ya matso yana kallo. Da ta juya wuri mai tsabta ta sake ja, sai ga wani fili kamar tafin hannu ya buɗe fes, har ya hango idonsa a ciki, ja wur.

"Ka ga mummuna?" in ji ta.

"Kaka, Allah ya bar mini ke."

"Yanzu kuma? Ba mutum biyu ke ɗaga ni ba?"

"Ni kaɗai zan riƙa ɗaga ki daga yau."

"Ka fara ɗaga kai ka dubi ɗaya gefen."

Ya zagaya ya duba. Murfin ɗaya gefen yana nan a dushe yadda yake, kuma da zarar wannan ya gama haske, kowa zai ga an yi rabin aiki an bari. Huɗu saura minti ashirin. Ya yaga singiletin biyu, ya durƙusa can, ita tana nan, babur a tsakani.

"Mai kaɗan, ba shafa wa jariri kake ba!"

"Kina ganina ne ta cikin inji?"

"Ina jin ƙarar wautarka. Hanya ɗaya na ce."

"Ya yi baƙi kuma, Kaka."

"Bar shi ya yi. Ci gaba. In ka tsaya a nan ne ka mutu."

Bai gama kwashe fulawar ƙarshe ba aka yi sallama a ƙofa. Tela ya zura riga a bai-bai, ya durƙusa ya gaida surukinsa. Tsohon ya gaisa da Kaka a mutunce, sannan ya juya ga babur. Ya zagaya shi sau ɗaya. Ya tsuguna ta gefen Kaka, ya bi bakin murfin da babban yatsa, ya tono ɗan farin gari daga ramin kusa, ya daɗe yana kallon sa.

"Wa ya yi wannan?"

"Baba, laifina ne. Ni na taɓa ba ka sa ni ba."

"Wancan gefen naka ne, na gani. Wannan nake tambaya."

Tela ya nuna kakarsa da ka.

Tsohon ya numfasa. "Haka marigayiya uwar matarka take yi masa, duk ranar da ta goge tukwanenta. Shekara shida rabon da in gan shi haka." Ya share yatsan a jikin rigarsa. "Bayan rasuwarta na gwada sau ɗaya da kaina. Ya yi baƙi, na tsorata na wanke, ban sake ba."

Ya karɓi makulli, ya tura babur ɗin har bakin ƙofa, sannan ya waiwayo. "In ranar awo ta zagayo, ka zo ka ɗauka. Ba sai ka aiko ba."

Ƙarar injin na yin nisa Tela ya zauna daɓas cikin baƙar fulawa.

"Ka dai ji da kunnenka," in ji Kaka, tana karkaɗe zane. "Akwai maza masu sanin darajar hannuna. Ka kama kanka, ko in bi mai babur."

Dariya ta ƙwace masa, har da hawaye. "Na sallama, Kaka. Gobe ki zo shago ki zaɓi yadin da ranki yake so."

"Biyu."

"Biyun."

"Kuma ba kai za ka ɗinka ba."